Likitoci biyu, suna biyu: wanne ne ciwon ƙanwata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu da suka wuce wani likita ya ce ƙanwata tana fama da ciwon damuwa. A bana ta yi kwana goma ba barcin kirki, tana surutu ba ƙaƙƙautawa, har ta rabar da kwanukan ɗakinta, da muka kai ta wani asibiti sai aka ce ciwon baifola ne. Shin likitan farko kuskure ya yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ba lallai ne ya yi kuskure ba, domin ciwon da ke jikin mutum daban yake da sunan da ake rubuta masa a kati. Sunan yana fitowa ne daga kundin rarrabe cututtuka, wato ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, ko DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013. Babu gwajin jinin da ke tabbatar da waɗannan cututtuka, don haka likita yana dogara ne da alamomi da tsawon lokacin da suka ɗauka.

Ana kiran ciwo damuwa idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya lulluɓe mutum aƙalla mako biyu. Shi kuwa baifola ciwo ne mai fuska biyu, ɗaya ita ce irin wannan damuwar, kuma ba a iya kiran sunansa sai an ga ɗaya fuskar tasa, wato lokacin da kuzari da zumuɗi suka wuce kima, kamar kwanaki goman nan na ƙanwarki. Idan ranar da ta fara zuwa asibiti tana zaune shiru ne, ba ci ba magana, to rabin ciwon kawai likita ya gani.

Abin da ke damuna shi ne yadda a gida muke tara komai mu kira shi taɓin hankali, alhali bambancin sunan shi ke zaɓar magani. Maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar wa mai baifola wannan zumuɗi, shi ya sa ake ba su mai daidaita yanayi irin su litiyam. Kada ta daina shan magani ba da sanin likita ba, kuma ranar komawa ki tafi da fakitin tsofaffin magungunanta, tare da rubutaccen bayanin daren da ta fara ƙin barci.