Neman gurbin masta kan farfaɗo da makiyayar yammacin Amurka

Ɗan'uwa, kai da ka tambaya ko wanda ya karanta ilimin tsirrai ko kiwo zai samu gurbin masta ko dokta a aikin dawo da tsirran asali a makiyayar Amurka, e akwai, kuma aikin na da yawa.

Matsalarsu a jihohin Nebada, Idaho, Utah, Oregon da Wyoming ita ce wata baƙuwar ciyawa, Bromus tectorum, da ta shigo daga nahiyar Turai da Asiya, tana bushewa da wuri sai gobara ta kama, shi kuma itacen asalin wurin, Artemisia tridentata, in ya ƙone ba ya sake toho sai dai daga iri, kuma yawancin irin da ake shukawa mutuwa yake saboda ƙarancin ruwa, nan fa binciken yake, wane iri ne zai jure, daga ina za a tsinto shi, yaushe za a shuka. Wallahi abin na tuna min yadda garmani ke cinye makiyaya a Nijar.

Duba Jami'ar Jihar Utah a Logan, Jami'ar Nebada a Reno, da Jami'ar Jihar Oregon, ga tashar bincikenta a garin Burns. Amma kar ka cike fom tukuna, fara tura wa farfesan da kake son aiki da shi imel, ka nuna ka karanta aikinsa, don kuɗin makaranta da alawus galibi daga kuɗin bincikensa suke fitowa. Ka koyi R (manhajar ƙididdiga) da GIS (fasahar haɗa taswira a kwamfuta) tun yanzu, kuma ka shirya wa aikin daji cikin zafi da sanyi.