Ba kowane duhu ne zunubi ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk inda Littafi Mai Tsarki ya ambaci duhu, zunubi yake nufi. A'a, kada mu yi masa kuɗin goro.

Gaskiya ne a Bisharar Yahaya duhu yakan tafi tare da laifi. A 3:19 an ce mutane sun fi ƙaunar duhu domin ayyukansu mugaye ne, wato mai ɓarna ba ya son a haska masa fitila. Dubi Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu, a Yahaya 13:30: yana karɓar lomar gurasa ya fita, sai marubucin ya ƙara da cewa dare ne. Ba don ya gaya mana lokaci kawai ya faɗi haka ba, a ganina.

Amma a Fitowa 20:21 Musa ya matsa kusa da baƙin duhu, can Allah yake. Mai Zabura ta 88 kuma addu'a yake yi dare da rana, duk da haka da duhu ya rufe waƙarsa. Wannan duhun wahala ne, shi ya sa ba na son jin ana ce wa mai baƙin ciki ya binciki zunubinsa tukuna. Mutanen Ishaya 9:2 ma suna tsakiyar duhun ne hasken ya same su.