Maƙabartar Boothill: Su Wane ne Ke Kwance a Cikinta?

Tambaya: Malam, na ji labarin wata tsohuwar maƙabarta a Amurka mai suna Boothill, wadda ake cewa 'yan bindiga kaɗai aka binne a cikinta. Ina neman ƙarin bayani a kan tarihinta da gaskiyar wannan magana.

Amsa: Malama, maƙabartun da ake kira da wannan suna suna da dama a yammacin Amurka, amma wadda ta fi shahara ita ce ta garin Tombstone da ke jihar Arizona, garin da mazaunansa a yau ba su kai dubu biyu ba. An kafa shi a 1879, bayan da Ed Schieffelin ya gano azurfa a yankin. An ce sojoji sun gargaɗe shi cewa ba abin da zai samu a wannan daji sai dutsen kabarinsa, shi kuwa da ya dace sai ya laƙaba wa wurin wannan suna, domin ma'anar Tombstone ke nan. Shi kuma sunan Boothill yana nuni ne ga waɗanda ajali ya riske su da takalma a ƙafa, wato ba a kan shimfiɗar jinya ba.

Gaskiya ne akwai 'yan bindiga a ciki. A nan aka binne Billy Clanton da 'yan'uwan nan biyu, Tom da Frank McLaury, waɗanda aka kashe a musayar wutar da aka yi kusa da wani garken dawakai mai suna O.K. Corral ranar 26 ga Oktoba, 1881. Sai dai cikin kaburbura kusan 250 da ke wurin, da yawa na talakawa ne da neman abinci ya kai su can: mahaƙan da hatsarin rami ya rutsa da su, mata, da ƙananan yaran da cututtuka suka ɗauke. Akwai sashen 'yan ƙasar Sin, akwai kuma na Yahudawa.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne halin da wurin ya shiga bayan an buɗe sabuwar maƙabarta a 1884. Ruwa ya cika ramukan azurfa, jama'a suka watse, ba a bar mai kula da kaburburan ba. Allunan katako da aka rubuta sunaye a kansu suka ruɓe, wasu aka sace su, har wurin ya koma juji. Da mutanen gari suka tashi gyara shi tun daga shekarun 1920, sai da suka bi tsofaffin jaridu da takardun hukuma, suka kuma tambayi dattawa, kafin su gane wane ne ke kwance a ina, kuma ba duka aka gano ba.

Saboda haka wanda ya ziyarci wurin a yau zai ga jerin tarin duwatsu a kan busasshiyar ƙasa, kowane da allo a gefen kai, kuma a kan da yawa daga cikin allunan ba a rubuta komai ba sai cewa ba a san mai kabarin ba.