Iska Nawa Tayar Motar Daji Take Buƙata?

TAMBAYA: Malam, ina da 'yar motar aiki irin ta shiga gona da daji, mai kujera biyu da bodin kaya a baya. Mai faci ya ba tayoyin iska har 30, yadda yake yi wa ƙananan motoci. Tun ranar take ta tsalle da ni a kan burji, in kuma na shiga yashi sai ta riƙa tona ƙasa tana nutsewa. Laifin taya ne ko na iska?

AMSA: Ɗan'uwa, tayarka lafiyarta ƙalau, iskar ce ta yi yawa. Mai facin ya yi abin da hannunsa ya saba ne, domin psi (ma'aunin iskar taya) 30 zuwa 35 na motar kwalta ne. Irin taka yawanci tsakanin 10 da 18 take so. Ainihin adadin yana cikin littafin motar, ko a takardar da kamfani ya manna a jikinta. Kada ka bi lambar da ke gefen taya. Wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.

In taya ta cika tam, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa. Shi ya sa take nutsewa, kuma kowane dutse sai ka ji shi a ƙugunka. Daɗe a haka, za ka ga haƙoran tsakiya sun cinye, na gefe suna nan sababbi. Rage iskar, tayar za ta baje ta hau kan yashin, kamar tafin raƙumi.

Sai dai kada ka ji daɗin laushin ka zarce. In ta sace da yawa, gefenta na lanƙwashewa yana ɗaukar zafi, dutse ya matse ta da rim ya yanka ta, ko ka sha kwana da gudu bakinta ya fita daga rim gaba ɗaya. Ni a ganina, rage psi biyu ko uku a yashi mai zurfi ya isa, da ka fito kuma ka mayar. Ranar lodi mai nauyi, duba littafin, galibi na baya suna son ƙari.

Sayi geji na ƙaramar iska, wanda ya tsaya a 30. Babban gejin mota ba ya nuna bambancin 11 da 13 sosai, a nan kuwa bambancin psi biyu da yawa ne. Auna da safe kafin ka motsa motar, don tafiya da zafin rana suna ƙara ƙarfin iskar. Daidaita ta hagu da ta dama, in ba haka ba sitiyari zai riƙa jan ka gefe. Bugun taya da ƙafa kuwa, wannan ba awo ba ne.

In ɗaya ce kullum take sacewa, shafa ruwan sabulu a bawul da bakin rim. Inda kumfa ta taso, nan iskar ke fita. Sau da yawa yashi ne ko ɗan itace ya maƙale a wurin.