Ɗori Ya Matse, Yatsu Sun Kumbura

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye dab da wuyan hannu. Mai ɗori ya ɗaure da kara da tsumma, yanzu yatsunsa sun kumbura. Haka ɗori yake? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, a sassauta ɗaurin yanzu, a tallafe hannun, a nufi asibiti. Karaya tana kumbura da kanta, in aka matse ta jini ba ya wucewa, kuma tsokar da ta rasa jini kan fara mutuwa cikin awa 6. Ki danna farcensa ki saki: in jansa bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsun sun yi sanyi, ko ya tsala ihu da aka miƙe su, abin ya yi nisa.

Wurin da ya karye ma abin lura ne. A ƙarshen dogon ƙashin yaro akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi. In guringuntsin ya goce, hannu na iya girma a karkace, kuma lalube ba ya gano wannan sai hoton ƙashi. In an daidaita an sa filasta mai tauri ta ɗaurin karaya, yawanci mako 4 zuwa 6 ya haɗe.