Filin Tambaya Da Amsa: Takubban Chaina, Na Yaƙi Da Na Fim

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tun ina yaro nake kallon finafinan Chaina, sai nake ganin takubbansu iri biyu ne, wani miƙaƙƙe siriri, wani kuma mai lanƙwasa mai faɗin baki da in an kaɗa shi yake rawa yana ƙara. Shin duk sunansu ɗaya? Kuma wai da gaske da irin wannan mai rawar suka yi yaƙi a da? (Wani ɗalibi daga Zariya)

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, ka lura da kyau. Su Sinawa ba sa haɗa su a suna ɗaya. Miƙaƙƙen nan mai kaifi biyu da tsini shi ne jian, kusan dai tsarin takobinmu da kake gani rataye a kafaɗar mahaya ranar hawan sallah, sai dai nasu an fi yin suka da yanka da shi fiye da sara. Mai kaifi ɗaya kuma dao suke ce masa, ko ya lanƙwasa ko bai lanƙwasa ba, har wuƙar yanka nama a kicin ma dao ce a wurinsu.

Jian tsohon makami ne, tun zamanin da ake zuba makamai da tagulla ake yin sa. To amma a daular Han, wadda ta fara a shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta ƙare a 220 bayanta, sai yaƙi ya koma kan dawaki saboda fafatawa da makiyayan Xiongnu na arewa, kuma mutumin da ke kan doki a guje ba shi da lokacin auna inda zai soka, sara kawai zai kai ya wuce, shi ya sa aka raja'a kan dao mai kaurin baya wanda ba ya saurin karyewa, ga sauƙin ƙira ga sauƙin koya wa sabon soja. Na wancan lokacin miƙaƙƙe ne ma, da zobe a ƙarshen mariƙinsa, sunansa huanshoudao. Daga nan jian ya koma hannun manyan ma'aikatan fada, masana da masu ibadar Tao, ya zama abin martaba.

Shi kuwa mai faɗin bakin nan na fim niuweidao ne, wato wutsiyar bijimi, kuma bai wani tsufa ba, a ƙarni na 19 ya yaɗu a hannun fararen hula da masu koyon dambe da 'yan tawaye, ba ya cikin kayan da aka tsara wa sojan daular Qing, wato daular sarakunan Chaina ta ƙarshe. Su sojan abin da suka fi ratayawa shi ne liuyedao mai 'yar lanƙwasa tun daga mariƙi har tsini, da yanmaodao wanda yake miƙe sai can kusa da baki ya ɗan karkata. Maganar rawa kuma, gaskiya wannan na wasan wushu ne na zamani, wato wasan nuna gwanintar faɗa na Sinawa, da gangan ake sirantar da ƙarfen don ya yi ƙara ya burge alƙalai da 'yan kallo. Na yaƙi ba ya rawa ko kaɗan. In kana son ka ga dao da ya ga jini a kusa-kusan nan to ka nemi hoton dadao, wani gajere mai faɗi da ake riƙewa da hannu biyu, da shi dakarun runduna ta 29 ta sojan Chaina suka kai wa sojan Japan farmakin dare a Xifengkou da ke jikin Babbar Ganuwa a 1933, a zamanin da ake da bindiga mai sarrafa kanta fa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo ana cewa an tono wani takobi a Chaina da ya fi shekara dubu biyu a ƙasa bai yi tsatsa ba har yana yanka. Ƙarya ce ko gaskiya? (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Gaskiya ne, takobin Goujian ake nufi. A 1965 aka same shi a wani kabari a yankin Jiangling na lardin Hubei, tsawonsa bai kai santimita 56 ba, jikinsa duk zanen lu'u-lu'u ne baƙi-baƙi a jere, kuma kusa da mariƙi akwai rubutu na haruffa takwas da ke cewa Goujian sarkin tsohuwar ƙasar Yue ne ya yi shi don amfanin kansa. Wannan sarki ya yi mulki daga 496 zuwa 465 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kin ga ke nan maganar shekara kusan 2,500 ake yi.

Amma ba siddabaru a ciki. Na farko dai ba baƙin ƙarfe ba ne, tagulla ce, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, ita kuwa ba ta cinyewa kamar yadda ƙarfe ke yi. Sannan yana cikin kube na katako mai fenti da ya rufe shi gam, kabarin kansa iska ba ta shiga. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne basirar maƙeran, don da aka auna sai aka ga kuzar ta fi yawa a bakin kaifin don ya yi tauri, tsakiyar kuma jan ƙarfe ya fi yawa don kada ya karye, mutanen da ba su da na'urar auna zafi sai ido da gogewa! Yanzu yana gidan tarihi na lardin Hubei a birnin Wuhan. A 1994 da aka kai shi baje koli Singafo wani ma'aikaci ya buge shi ya ɗan tsage, yanzu ba a barin ya fita ƙasar.

TAMBAYA: Ina zuwa Guanzu saro kaya, wani ya nuna min takobi ya ce na zamanin sarakunan Qing ne zai bar min da araha. In saya in kawo gida? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

AMSA: Alhaji don Allah ka riƙe kuɗinka. Abu biyu ne, ko dai jabu ne ko kuma orijina, kuma kowanne akwai matsala. Yawancin waɗanda ake tallatawa haka sabbi ne, ana jiƙa su da asid a binne su ɗan lokaci su yi tsatsa, a buga musu sunan wani sarki a jiki, za ka ga tsatsar ja ce a sama-sama tana gogewa a hannu alhali ta tsohon ƙarfe baƙa ce ta kama jiki. In kuwa da gaske na Qing ne to dokar Chaina ta hana fitar da kayan tarihi da aka yi kafin 1911, kwastan za su ƙwace kuma kana iya shiga shari'a a ƙasar da ba taka ba.

In sha'awa ce kawai ta ado, akwai garin Longquan a lardin Zhejiang da ya yi suna a ƙirar takubba tun zamanin da, har gobe suna yin sabbi masu kyau kuma ba sa ɓoye cewa sabbi ne. Ka karɓi rasit, kada ka hau jirgin ƙasa ko na ƙarƙashin ƙasa da shi don a bakin ƙofa za a tare ka, sannan ka tambayi ejan ɗinka na shifin ko za a bari ya shigo Najeriya tun kafin ka biya.