Ƙaramin shak da makankarin kogi: dangi ne?

Tambaya: Malam, ni masunci ne a Yauri. Yarona ya nuna mini hoton kifin shak da bai wuce tafin hannu ba. Shi ya ce danginsu ɗaya da makankarin da muke tonowa a yashin Neja, tunda duk a ruwa suke numfashi. Gaskiya ne? Kuma zai rayu a koginmu?

Amsa: Malam, ka gaya wa yaron zaman ruwa ɗaya ba ya haɗa zumunta. Makankari ɗan'uwan dodon koɗi ne: nama ne laushi cikin ɓawo biyu, ba kai, ba ƙashin baya. Shak kuwa kifi ne sosai, sai dai guringuntsi ne a madadin ƙashinsa. Ya fi kusa da tarwaɗa, kai, har da ni da kai, a kan makankari.

Da alama wanda ya gani shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kifayen shak, tsawonsa kamar santimita 20, wanda masana suka ba suna a 1985. Yana zaune a tekun Kolombiya da Benezuwela da ke Kudancin Amurka, a zurfin mita 280 zuwa 440, inda rana ba ta kai wa sosai, cikinsa kuma yana fitar da haske. Haihuwa yake yi, 'ya'ya biyu ko uku. A Neja ba zai rayu ba, jikinsa na ruwan gishiri ne mai sanyi. Akwai shak mai shiga koguna kamar Zambezi, amma wancan ƙato ne.

Ni dai makankarin ya fi ba ni mamaki, duk da raina shi da ake yi. Ba ya farauta. Yana nan kafe a yashi, ya zuƙi ruwa, ya tace ƙananan halittu da dattin da ke yawo, ya fitar da sauran. 'Ya'yansa kuma, ƙanana kamar ƙura, ba sa girma sai sun maƙale a jikin kifi na wani lokaci, kifin ya yi ta yawo da su, sannan su saki su faɗa ƙasa. Haka yake isa saman kogi alhali ba ya iyo. Wani irinsa a kogunan Turai yakan haura shekara 100.

Saboda haka duk mai zuba guba a ruwa ko jefa taru mai ƙananan ido, ba kifi kaɗai yake ƙararwa ba. In kifi ya ragu a wuri, tsofaffin makankari za ku riƙa tonowa, babu ƙanana.